Tayar Damina: Abin da Laka Ke Nema a Keken Tsauni

A watan Satumban 2011 aka yi gasar duniya ta gangarowa daga tsauni da keke a Champéry, wani ƙauye da ke tsaunukan Suwizalan. Ranar zagayen ƙarshe ruwa ya tsuge, hanyar da dama can ta yi suna wajen tsananin gangare ta koma malalar taɓo. Manyan gwanaye suka dinga zubewa. Sai ga wani matashi ɗan shekara 19 daga garin Redcar na Ingila, Danny Hart, ya sauko ya ba na biyu, Damien Spagnolo na Faransa, ratar fiye da daƙiƙa 11. A wasan da sau da yawa ƙiftawar ido ke raba na ɗaya da na biyu, wannan rata abin al'ajabi ce, shi ya sa har yau ake maimaita kallon bidiyon.

Gwanintar yaron ba abin musu ba ce. Amma duk wanda ya leƙa rumfunan makanikai a irin wannan rana zai tarar hankalin kowa na kan taya. Wannan yana cire ta rani yana saka ta damina, wancan ya duƙa da filaya yana datse haƙoran sabuwar taya ɗaya bayan ɗaya, yana rage musu tsawo daidai da zurfin lakar da ya gani a hanya. Keken da aka kashe wa maƙudan kuɗi, wurin da yake taɓa ƙasa bai kai tafin hannu biyu ba. Ta nan birki ke ci, ta nan ake shan kwana.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa taya mai faɗi, mai haƙora birjik, ita ce maganin laka. Ba haka ba ne. Idan haƙoran suka yi kusa da juna, juyi kaɗan za ta yi laka ta cike tsakaninsu, tayar ta koma sumul tamkar wadda ta suɗe, sai santsi ya kwashi mutum. Tayar laka ta gaskiya haƙoranta dogaye ne, 'yan kaɗan, da fili sosai a tsakani, irin na takalmin 'yan ƙwallo a jiƙaƙƙen fili. Tsawon shi ke huda caɓin sama ya cafki ƙasa mai ƙarfi da ke ƙarƙashi. Filin kuma shi ke sa tayar ta kakkaɓe kanta tana cikin juyawa. Don haka ne ma mahayin da ya san kan abin ba ya yawan tafiyar hawainiya a cikin laka, saboda sai tayar ta samu gudu take watsar da abin da ta ɗauka.

Faɗi kuwa, a nan raguwarsa ce alheri. Siririyar taya tana yanka laka ta nutsa, mai faɗi tana yawo a samanta. Akwai kuma batun gurbi: idan taya mai inci 2.6 ta kusa cike tsakanin ƙarafan keke, yumɓu na taruwa a wurin har ƙafar ta ƙi juyawa, mutum ya sauka yana neman tsinke yana ƙwaƙula. Mai inci 2.3 ko 2.4 ta fi barin hanya.

Kamfanoni sun kasa tayoyin nan gida biyu. Akwai masu dogayen haƙora na sosai, irin Wetscream ta kamfanin Maxxis na Taiwan da Dirty Dan ta Schwalbe na Jamus. Waɗannan an yi su ne don ranar da hanya ta zama kwaɓaɓɓiya tun daga sama har ƙasa, irin abin da aka gani a gasar duniya ta Leogang da ke Ostiriya a Oktoban 2020, inda Reece Wilson ɗan Sikotilan da Camille Balanche 'yar Suwizalan suka yi nasara a cikin dajin da ya gagari mutane da dama. Sai masu matsakaitan haƙora, irin Shorty ta Maxxis da Magic Mary ta Schwalbe da Hillbilly ta Specialized.

A nan ne ya kamata mai saye ya nutsu, domin dogon haƙori yana da nasa sharrin. Da zarar ya hau dutse ko saiwar bishiya ko ƙasa mai tauri, ba shi da abin hudawa, sai ya lanƙwashe, keken ya dinga rawa a ƙarƙashin mutum. Ga kuma nauyin tuƙi: wanda ya taka irin wannan taya a kan kwalta zai ji cinyoyinsa sun gaya masa. Datse haƙoran da makanikai ke yi, dalilinsa ke nan, suna neman tsakiya ne tsakanin laka da dutse. Kuma daga wannan al'ada tasu ce kamfanoni suka fahimci cewa matsakaicin haƙori na da kasuwa.

Abin da ido ba ya gani, wanda kuma ya fi muhimmanci a kan jiƙaƙƙen dutse da saiwa, shi ne taushin robar. Haƙori ba ya huda dutse, sai dai roba ta manne masa. Gwajin ba wuya: a sa farcen babban yatsa a tura haƙorin gefe, a murɗa shi, a saki. Roba mai tauri za ta koma tsaf nan take. Mai taushi kuwa a hankali take miƙewa, kamar tana ganda, kuma wannan jinkirin ne ke hana taya tsalle idan ta bugi saiwa. Maxxis na rubuta MaxxGrip a jikin mafi taushinta, MaxxTerra a ta tsakiya. Schwalbe kan ja siririn layi a kan tayar, ruwan lemo ga mai taushi, shunayya ga wadda ta fi ta. Sai dai mai taushi tana saurin cinyewa, kuma ba ta da arha. Saboda haka masu hikima ke sa ta a gaba kawai. In tayar baya ta zame, galibi ana iya tarowa. In ta gaba ce ta tafi, sai dai a tashi a kakkaɓe jiki.

Iska ita ce gyaran da ba a biya ko sisi. Taya da aka bunƙa wa iska ta yi tauri ba ta rungumar ƙasa. Tun da kamfanonin Faransa, Mavic da Michelin da Hutchinson, suka fito da tsarin taya marar tiyub a 1999, mahaya suka samu damar rage iska ba tare da fargabar faci ba. Yau mutum mai matsakaicin nauyi kan hau da iska mai ma'aunin psi 20 zuwa 25, ta gaba ƙasa da ta baya kaɗan, ranar ruwa kuma ya ƙara rage ɗaya ko biyu. Mai tiyub ba zai sauka haka ba, don in ya daki dutse, bakin ƙarfen ƙafar zai matse tiyub ɗin ya bar masa huji biyu a jere.

Duk wannan bayani bai da amfani sai mutum ya san ƙasar da yake takawa, kuma wannan ya shafi masu hawan kekunan kwatano da suka cika kasuwanninmu. Inda rairayi ya fi yawa, kamar wajajen Daura ko Maradi, ruwan sama daddale ƙasa yake yi, tuƙi ya fi daɗi bayan an ɗauke, babu buƙatar tayar laka ko kaɗan. A duwatsun Jos taushin roba ya fi tsawon haƙori amfani. Baƙar lakar fadama mai danƙo kuwa, in ta sha ruwa ta ƙoshi, babu tayar da ke iya mata, kuma ratsa ta yana barin kwari a hanyar da manoma da 'yan makaranta ke bi har rani. A Amurka ma akwai wuraren da ake rufe hanyoyin keke bayan ruwa saboda wannan ɓarna. Haƙuri na yini ɗaya ya fi.

Yawancin kekunan kwatano masu ƙafa inci 26 ne, alhali sababbin tayoyi sun fi fitowa a 27.5 da 29, don haka a karanta lambar da ke gefen taya kafin a miƙa kuɗi, a kuma duba kibiyar da ke nuna inda za ta fuskanta. Tsohuwar taya da rana ta gasa har gefenta ya tsattsage, ko haƙoranta na nan cif, robar ta riga ta mutu.

Ga wanda ba gasa zai shiga ba, matsakaiciyar taya mai taushin roba a gaba, da ta yau da kullum mai ɗan fili a baya, sun ishe shi fita damina. Mai dogayen haƙora a bar wa 'yan tsere.