Littafin da Na Ba da Aro Bai Dawo Ba

Ina aji shida na firamare, a shekarar 1991, wani yayana da ke aikin jirgin ƙasa a Kafanchan ya zo mana hutu Sabon Tasha, ya manta wani ɗan littafi a kan taga. Bangonsa ya yage, amma sunansa na nan: Tauraruwa Mai Wutsiya, na Umaru Dembo, wanda aka buga a Zariya a 1969, shekarar da Amurkawa suka taka duniyar wata. A daren nan na karance shi da fitilar ƙwai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Kilba, yaro kamata, mai magana da harshen da muke cinikin gyaɗa da shi a bakin titin Kachia, shi ne ya tafi sararin samaniya. Da na fito tsakar gida na hango wutar matatar mai ta Kaduna tana ci a sama kamar yadda ta saba a wancan zamani, sai na ga kamar wutar kumbo ce mai shirin tashi.

Tun daga ranar ba ni da abin so kamar ƙagaggun labaran kimiyya. Kuɗin tarata a wurin masu gwanjon littattafai na Babbar Kasuwar Kaduna suke ƙarewa, inda na haɗu da su Jules Verne da H. G. Wells da Isaac Asimov. A hankali na gane abin da ya raba irin wannan labari da tatsuniya. A tatsuniya, aljani ya ɗauke ka ya kai ka bangon duniya, ba mai tambayar yadda aka yi. A labarin kimiyya kuwa, dole marubuci ya faɗi man da kumbon yake sha, da iskar da matafiya za su shaƙa. Ƙarya ce, amma ƙaryar da ke tilasta wa mai karatu tambayar dalili. Duk da haka, da na shiga jami'a na ɗauki nazarin adabi har zuwa digiri na uku, sai na riƙa ɓoye wannan ƙauna, don kada a ce malami guda yana karatun yara.

'Yata ce ta tona mini asiri. Tana da shekara 9 nake fassara mata wani labari na Asimov, sai ta katse ni ta ce, “Baba, su mutanen can gaba ɗin, ba mai jin Hausa a cikinsu ne?” Na rasa amsa. A duk littattafan da na tara, in ban da ɗaya, ba inda aka yi zaton mu ma za mu kai gobe.

Wannan tambaya ce ta sa na fara fito da kwalin littattafaina gindin mangwaro kowace Asabar da la'asar. Yaran unguwa sukan taru, Bajju da Gbagyi da Atyap da Ibo, kowa da harshen gidansu, amma Hausa ce ta haɗa su. Nakan karanta musu, wanda ya so aro ya rubuta sunansa ya ɗauka. Littafi ɗaya kawai na hana, wato na Dembo, domin shekara da shekaru ban ga wani kwafinsa a kasuwa ba.

Akwai wani yaro, ɗan wani bakanike, wanda ya yi mako uku yana roƙona shi. Na yi ta kai-kawo a zuciyata, ƙarshe na ba shi. Kwana biyu sai ga mahaifinsa. Bayan mun gaisa ya ce, “Malam, yaron nan jarrabawa ce a gabansa, kai kuma ka ba shi littafin ƙarya, ya hana shi barci.” Ban ga laifinsa ba, don shi ya san wahalar kuɗin makaranta. Iyakar abin da na ce masa shi ne, injin da yake kwancewa kullum, sai da wani ya fara ƙaga shi a ka kafin a ƙera shi. Ya yi shiru, ya yi mini sallama, ban san ko ya gamsu ba.

Bayan wata biyu na ji sun tashi sun koma Kafanchan. Littafin bai dawo ba, kuma ba zan ɓoye wa mai karatu ba, abin ya yi mini ciwo, don abokin shekara 30 ne. Sai dai yaron ya bar wa 'yata saƙo: shafi huɗu da aka yago daga littafin aikin makaranta, ɗauke da labarin wani kumbo da ya tashi daga saman dutsen Kagoro. Ƙa'idojin rubutu duk ya karya su, ba ƙugiya ko ɗaya, amma ya yi bayanin inda matuƙan za su samu ruwan sha. Na ajiye shafukan a gurbin littafin da ya tafi.

Ga ɗalibanmu nake wannan magana. 'Yan Nijeriya sun yi suna a wannan fage: Nnedi Okorafor ta ci kyautar Hugo a 2016 da Binti, Tade Thompson ya ci ta Arthur C. Clarke a 2019 da Rosewater. Amma da Ingilishi suka rubuta. Ƙofar da Dembo ya buɗe da Hausa kuwa, masu bi ta cikinta ba su da yawa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da bai taɓa ganin kansa a cikin labarin gobe ba, da wuya ya yi zaton yana da hannu a gina ta.

Tauraruwa mai wutsiya ta Halley takan dawo bayan kimanin shekara 76. Ta bayyana a 1986, ana sa ran ta a 2061. Ko zan gan ta, Allah masani. Yaran gindin mangwaro dai za su gan ta in da rai, kuma ina fatan a ranar a samu wanda zai ba jikokinsa labarinta da Hausa.