Jak da Guntun Katako a Hanyar Turba

Ana gobe za mu tashi zuwa Turba, Kawu ya ce in fito masa da jak ɗin motar ya gani. Ƙanen mahaifiyata ne, ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Sakkwato, Kano da Maraɗi kafin ganinsa ya yi rauni. Na zaro wani ɗan jak mai siffar almakashi, irin wanda ake murɗawa da hannu, wanda na tarar a motar tun ranar da na saye ta. Ya share ƙurar jikinsa da babban yatsa, rubutun ya fito: tan 1.

"Buhu nawa kac ce za mu ɗauka?"

"Goma, Kawu. Gero shida, masara huɗu."

"To wanga na ƙaramar mota na, ɗana. Ba mu tahiya da shi."

Tsohuwar Hilux ce, nauyinta ya kusa tan 2 ko ba kaya, ga buhu goma, tan guda ke nan. Gaskiya ne jak kusurwa ɗaya yake ɗagawa, amma kayan akori-kura a ƙafafun baya suke zaune, in kuma gefen hanya ya karkace sai nauyin ya taru wuri guda. Masu gareji kan ce ƙarfin jak ya kai aƙalla kashi uku cikin huɗu na nauyin mota da lodinta. Shi Kawu ninkawa yake yi.

Kafin mu fita kasuwa sai ya tsuguna da karan dawa, ya auna daga ƙasa zuwa ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, ya karya. Ya sake auna kaurin taya daga ƙasa zuwa bakin wili, ya rage wannan ma. Guntun da ya saura ya sa a aljihu.

A wajen masu kayan gyaran mota idona ya faɗa kan doguwar jak mai ƙananan tayoyi, wadda ake gani a gareji. Kawu ya girgiza kai. Ita sai a kan siminti, domin tana ɗagawa tana gangarawa gaba kaɗan-kaɗan. In tayoyinta suka nutse a rairayi, motar za ta janyo ta zame. Muka koma kan masu siffar kwalba, masu aiki da mai. Mai shagon ya turo na tan 10.

"Alhaji, wannan ko Kanta ce zai ɗaga."

Kawu ya fito da karansa ya jingina. Jak ɗin ya fi karan tsawo. A nan na gane abin da ya auna: in taya ta sace, mota sauka take yi, jak mai tsawo ba zai shiga ƙarƙashinta ba, kome ƙarfinsa. Na tan 5 ya shiga ma'aunin har da ɗan rara, kuma yana da kai mai zare da ake murɗowa a cike gibin. Bai tsaya nan ba. Ya sa aka ɗaga motata da shi, ya yi alama da alli a jikin sandar, muka zauna muka sha shayi. Da muka dawo alamar tana inda take. Da ta sauka ko da faɗin farce, robar ciki ta mutu.

Yadda abin yake aiki ba wuya: kana famfo, ƙaramin fistin yana tura mai ƙarƙashin babba, ƙarfin hannu ɗaya ya ninku ya ɗaga tan-tan. Tun 1851 wani maƙeri a New York, Richard Dudgeon, ya yi rajistar irin wannan jak da ake iya ɗauka a hannu, har yau kuma rayuwarsa tana kan roba da mai. Shi ya sa Kawu ya gargaɗe ni kada in taɓa zuba masa man birki, yana cinye robar, kuma a tsaye ake ajiye shi. Daga nan muka biya wajen kafinta aka yanko mana katako mai kauri, faɗinsa kamar faranti. Tsayinsa da na jak ɗin a haɗe ma sai da aka gwada da karan.

Mun bar Sakkwato bayan asuba. Muka wuce Goronyo, fadamun Rima sun yi kore da albasa, muka bi ta Unguwar Lalle zuwa Sabon Birni. Ba nisa da nan kufan Alƙalawa yake, birnin da Bawa Jangwarzo ya yi mulki, wanda ya faɗi a 1808. Kawu Bagobiri ne mai zane a fuska, duk sanda muka zo nan sai ya yi ta ba da tarihi. Ran nan bai ce uffan ba. Agogo yake dubawa.

Wanda bai san yankin ba zai ce tsohon ya cika tsanani a kan ɗan ƙarfe. Amma a Disambar 2021, a Gidan Bawa, 'yan bindiga suka tare motar fasinja da ta taso daga Sabon Birni suka cinna mata wuta, mutum fiye da 20 suka rasu. Tun daga lokacin nan babu direban da ke son tsayawa a daji tsakanin Sabon Birni da Isa. Ana jira motoci su taru a tafi tare, ana tambayar masu zuwa lafiyar hanya. Hatsin da muka ɗauko ma dalilinsa ke nan: Inna, yayar Kawu, gonarsu ta nesa ta yi damina biyu ba a shiga ba. Mutanen da suka saba aiko mana da gero birni, yau mu ke kai musu. Abin yana ci mini rai.

Saura kaɗan mu isa Turba na ji bayan motar ya yi nauyi, sitiyari yana ja. Tayar baya ta dama. Motocin da muke tare suka yi gaba, ban kuma ga laifinsu ba. Na gangara gefe, ƙasar rairayi ce zalla.

"Sa ta giya, ja birkin hannu. Dutse ga tayar gaba."

Ya hana ni taɓa jak sai da na sassauta notuna tun taya tana ƙasa, don in an ɗaga kana kokawa da noti, girgizar na iya ture motar. Ya share rairayin da tafin hannu har ya daidaita, ya shimfiɗa katakon, ya ɗora jak ɗin daidai ƙarƙashin ƙarfen, kusa da sifirin. Ya shiga cif. Na fara famfo. Katakon ya ɗan nutse, ya yi ƙara, sannan ya zauna. Gindin jak bai fi tafin hannu ba; ba don katakon ba, shi zai yi ta shiga ƙasa motar tana nan inda take. Da taya ta fita Kawu ya tura ta ƙarƙashin motar, ko da jak zai ci amana. Na miƙa ƙafa ciki don in gyara zama, ya buge ta da hannu.

"Fid da ƙahwarka! Ba a amince ma jak da jiki."

Ba mai magana a cikinmu bayan wannan. Kunnena yana daji, duk kukan babur daga nesa sai gabana ya faɗi. Wani dattijo ya ɓullo a kan jaki, ya yi mana sannu, ya tsaya yana duban gabas har muka gama, bai ce don me ba. Safaya ta hau, na ɗaura notuna a gicciye, Kawu ya kwance bawul a hankali motar ta sauka, na ƙara tamke su. Da na kunna mota ya duba agogo: minti 14.

Inna tana ƙofar gida muka isa. Ta riƙe hannun ƙanenta tana "Kun sha hanya, kun sha hanya," yara suka fara sauke buhuna. Kawu bai zauna a tabarmar da aka shimfiɗa masa ba. Ya goge rairayin jikin jak ɗin da tsumma, ya mayar da sandar ciki, ya tsayar da shi bayan kujera ya tokare da katakon. Sannan ya kira wani jikan Inna ya ce ya raka ni wajen mai faci tun rana ba ta yi sanyi ba, domin gobe da sassafe za mu koma, kuma ba mu da wata safaya.