Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Mu huɗu muka kafa ɗan kamfaninmu na rubuta manhaja a Kano. Da ma'aikata suka kai goma sha ɗaya, sai muka ga ya kamata a sami rubutattun ƙa'idojin aiki, kada kullum a riƙa yanke hukunci da ka. Ba mu wahalar da kanmu ba. Muka shiga intanet muka sauko da wani kundi da aka tsara don kamfanonin Amurka, muka ɗora sunanmu a kai, kowa ya sa hannu. A sana'armu haka muka saba: abin da wani ya riga ya rubuta, ɗauka ake yi a yi gini a kansa.

Da farko dariya abin ya riƙa ba mu. Kundin ya san hutun 4 ga Yuli, ranar 'yancin Amurka, amma bai san Sallah ba. Ya ware minti talatin na hutun rana, alhali ranar Juma'a zuwa masallaci da dawowa ya fi awa guda. Muka riƙa kau da kai, muna cewa ai takarda ce kawai.

Ana nan sai Allah ya yi wa mijin mai kula da asusunmu rasuwa, ya bar ta da 'ya'ya uku. Mun je jana'iza, mun yi ta'aziyya. Bayan sadakar bakwai sai ga ƙanenta a ofis, ɗauke da kwamfutar aiki da makullai. Ashe ita ta karanta kundin da mu ba mu karanta ba. Ya ce hutun rasuwa kwana uku ne, wanda kuma ya ƙara kwana uku bai zo ba, ya ajiye aiki ke nan. Takaba kuwa wata huɗu ce da kwana goma. Ta yi lissafi, ta sallami kanta don kada ta sa mu jin nauyin sallamarta.

Kunya ta rufe mu. Da la'asar muka mayar da kayan gidansu, muka roƙi mahaifiyarta: "Hajiya, a gaya mata aikinta yana nan, albashinta ma haka." Bayan arba'in ta ci gaba da aiki daga gida.

Daga nan muka zauna da lauya da ma'aikatan duka, muka bi kundin layi-layi. Ya ba mai haihuwa mako 12 babu biya, dokar ƙwadago ta Najeriya kuwa ta ce mako 12 da aƙalla rabin albashi. Ya halatta sallamar mutum nan take ba tare da dalili ba, a nan kuwa akwai wa'adin sanarwa. Ba mu watsar da komai ba. Sashen tsare kalmomin sirri da bayanan abokan ciniki mun bar shi, muka daidaita shi da dokar kare bayanai ta 2023.

Muna cikin rubuta hutun takaba da lokutan aikin azumi, wani abokin aikinmu Kirista ya tambaya: "Mu da ake kai gawa ƙauye, a yi makonni kafin a binne fa?" Saura kaɗan mu sake ɗinka rigar da mu kaɗai za ta yi wa daidai. Muka ƙara nasu.

Yanzu kundin shafi tara ne. Duk farkon shekara muna karanta shi tare, da babbar murya.