Taku goma sha ɗaya tsakanin masai da rijiya

1/
Jama'a ku ba ni aron hankalinku, yau labarin masai zan ba ku. Eh, masai na ce. Wanda yake cin abinci ya ajiye wayar sai ya gama 😅 Wata uku na yi ina sa-in-sa da birkila, da yayana, da Baffana a kan rami ɗaya, kuma bidiyon wani jirgin ruwa a Ingila ne ya buɗe min ido. Mu je zuwa.

2/
Ƙauyenmu yana ta wajen Ɗambatta, in ka saki titin Daura ka ɗan shiga ciki. A watan Agustan bara ruwa ya kwana yana zuba, da asuba shaddar gidanmu ta rufta. Irin ta da ce, rami ne aka jera masa azara aka daɓe da ƙasa. Allah Ya tsare ba kowa a kai. Amma Hajiya, kakarmu, fitowarta ke nan daga ciki, ko butarta ba ta ajiye ba.

3/
Hajiya ta haura tamanin, gwiwa ta ƙi. Sati biyu ana riƙe ta zuwa gidan maƙwabta. Ranar da Inna ta faɗa min a waya wai tsohuwar ta daina shan kunu da daddare don kada fita ta kama ta, ranar na kira Yaya a Abuja na ce wallahi abin nan ya isa.

4/
Wanda bai san yankinmu ba zai ce to a shiga daji mana kafin a gyara. Wane dajin? A wajenmu gona jikin gona take, gida jikin gida. Gero, dawa, gyaɗa, wake, har gindin katanga. Kowace bishiyar gawo da mai ita. Wani Baturen Ingila, Michael Mortimore, ya yi shekaru yana nazarin karkarar Kano saboda wannan cunkoson, yadda mutane da yawa ke ci daga ƙasa kaɗan ba tare da ta mutu ba. Ba inda za ka tsugunna ba a kan abincin wani ba.

5/
Yaya ya turo kuɗi, ya ce a yi irin na birni: mai zama, mai ruwa, da tayil, da sokawe. Birkila ya zo ya zana wuri da toka a kusurwar tsakar gida. Na tambaye shi yaya za a yi ramin. Ya ce bulo za a jera a bar ƙofofi tsakani, ƙasan kuma ba siminti, "don ya riƙa tsotsewa, shekara goma ba ku kwashe ba."

6/
Na ce ya tsotse ya tafi ina? Ya dube ni kamar na tambayi inda rana take kwana. "Ƙasa mana."

Na taka daga zanen tokar zuwa bakin rijiyarmu. Taku goma sha ɗaya. Bayan katanga kuma akwai rijiyar maƙwabcinmu, ita ta ma fi kusa.

7/
Daren nan na kasa barci, ina ta lalube a YouTube. Can sai ga wani Bature da ke zaune a cikin jirgin ruwa, irin dogayen nan masu ɗaki da ke yawo a magudanan Ingila. Yana nuna yadda ya haɗa banɗakinsa. Tanki ne rufaffe a ƙarƙashin gado. Bututu ɗaya ya shigo daga mazauni, ɗaya siriri ya fita waje don iska, na uku ya hau sama inda ake jona injin zuƙa in an isa tasha. Ko ɗigo ba ya saki a ruwan da yake kai.

8/
Ashe abin har da doka. A Amurka, an hana jirgi sakin bahayar da ba a tace ba a koguna da tafkuna, da kuma cikin mil 3 daga gaɓar teku, kuma tushen hanin dokar ruwa ce ta 1972. Manyan jiragen teku kuwa yarjejeniyar MARPOL ta ce su riƙe ta a tanki sai sun yi nisan mil 12 da gaɓa. Wato ka riƙe kayanka har ka kai inda ba zai cuci kowa ba.

9/
Na tuna masuntan dam ɗin Tomas, nan kusa da mu, da ke wuni a kwale-kwale. Ba tanki ba komai, in ta matsa ruwan ne. Da can ina ganin mun fi su. Sai na ga ai mu ma a kan ruwa muke zaune, bambancin kawai namu ƙasa ta lulluɓe shi. Da rani igiyar gugarmu gaba shida take ci. A Agusta gaba uku ta taɓa ruwa. Ƙasarmu kuma jigawa ce, rairayi zalla, abin da ka zuba ba ya tsayawa.

10/
Ƙa'idar da masu aikin tsafta ke bi: ramin masai mai tsotsewa ya yi nisan mita 30 daga rijiya, gindinsa kuma ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. Gidanmu gaba ɗayansa bai kai mita 30 ba tun da aka raba gado.

11/
Kuma ba tsoron banza nake ba. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu, Kano na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ƙanwata kwana uku ta yi ana mata ƙarin ruwa a shekarar. Duk wanda ya taɓa riƙe ledar ruwa a sama da hannunsa saboda ba ƙarfen ratayewa ya san me nake nufi.

12/
Da safe na kai wa Baffa maganar. Ya bar ni na gama tas, sannan ya ce, "Kai yaro, shekara nawa shaddar nan tana gidan nan? Wa ta kashe?"

Gaskiya tambayar ta tsaya min, don ba ƙarya ya yi ba.

13/
Sai da na kwana a kai na gane amsar. Tsohuwar shadda busasshiya ce. Ruwan buta kawai ke shiga, a bi da toka. Kuma lokacin da aka haƙa ta gidan babba ne, tana can ƙurya, rijiya tana nan gaba. Abin da muke shirin yi yanzu shi ne mu matso da ramin kusa da rijiya, sannan mu riƙa ɗura masa bokiti-bokiti kullum. Ruwa shi ne motar da ƙazanta ke hawa. Wato na zamanin da muke taƙama da shi ya fi na kakanninmu haɗari in an yi shi rabi da rabi.

14/
Na ce to mu yi irin na Baturen: tanki rufaffe, kankare a ƙasa, bulo cikakke, shafe ciki da waje, in ya cika a kira motar kwasa. Na ji ni gwani. Sai na ɗauki biro.

15/
Tankin da kuɗinmu zai iya: tsawo mita 2, faɗi mita ɗaya da rabi, zurfi mita 2. Lita 6,000 ke nan. Mu tara ne a gidan. In mazaunin birni ne mai tankin ruwa a baya, kowane ja guda lita shida zuwa tara yake tafiya da shi, ko wata biyu ba za mu kai ba. In da buta ne, a ce kowa lita 3 a rana, lita 27, wajen wata bakwai. Sau biyu a shekara ke nan za mu kira mota daga Kano ta biyo hanyar da ko a-kori-kura ba ta so da damina. Wa zai biya? Kuma in ta kwasa ina za ta juye?

16/
A nan na gane Baturen yana da abin da ba mu da shi: tasha. Shi jirginsa yana tafiya ya iske injin zuƙa. Namu gidan ba ya motsi. Sai dai mu yi wa kanmu gaɓa.

17/
Wani abokina da ya karanci aikin gini a Kano Poly ya zana min a bayan takardar siminti. Tankin ya zama ɗaki biyu, na farko ya ci kashi biyu cikin uku. Mai nauyi ya kwanta a ƙasa ya ruɓe, ruwan sama-sama ya tsallaka ɗaki na biyu, daga nan fayif ya ɗauke shi ya fita da shi daga gidan gaba ɗaya zuwa ramin tsotsewa mai nisa da kowace rijiya. Ruwan wanka kuma kada ya shiga, a yi masa hanyarsa daban.

18/
Na auna da tef. Wuri ɗaya ne ya cika mita 30 daga rijiyarmu da ta maƙwabci: kusurwar gonar Baffa ta bayan gida. Gonar da ke shan takin awakin gidan, wadda geronta ke riga na kowa nuna.

Baffa ya ce ko taku ɗaya.

19/
Kada ku yi saurin zaginsa. A wajenmu mutum zai ba ka akuya kyauta amma bai ba ka kunya ɗaya ta gona ba. 'Ya'yansa bakwai, gonar nan za su raba. Sati uku ana wannan ja-in-ja, Yaya yana kira daga Abuja yana cewa ni na cika iyayi, a haƙa inda birkila ya ce a huta. Bulo yana jibge a ƙofar gida yara na hawa.

20/
Hajiya ce ta kashe maganar. Ta sa aka kira mata Baffa bayan la'asar, ina zaune. Ba ta ko ɗago ba, tana jan carbi ta ce, "Rijiyar nan ubanka ne ya haƙa ta shekarar da na haife ka. Da ruwanta aka yi maka wankan jego. In gonar ta fi ta, to."

Baffa ya ce, "Allah Ya huci zuciyarki, Hajiya." Washegari da kansa ya riƙe min bakin tef.

21/
Kayan aiki daga Ƙofar Ruwa na yi lodinsu: rodi, fayif mai inci huɗu, da maganin da ake zubawa a siminti don hana yoyo. Ɗakin muka ɗora shi a kan tankin, a kan murfin kankare mai rodi, ba azara ba. Maimakon mazaunin birni muka sa kwanon roba na SaTo, mai ɗan murfi a ƙasa da nauyi ke buɗewa ya koma ya rufe da kansa. Ruwan kofi biyu ya wanke shi. Birkila ya ɗaga shi da bulo ya zama kujera saboda gwiwar Hajiya, muka kafa ƙarfe a bango na dafawa. Baffa ya tsaya sai da ya tabbatar mai zama bai fuskanci alƙibla ba, bai kuma ba ta baya ba.

22/
Ga inda muka kusa yin asara. Da aka gama shafe na ce a cika tankin da ruwa, na ja layi da gawayi, a bar shi ya kwana. Birkila ya ce shekara ashirin yana gini ba a taɓa yi masa jarrabawa ba. Da safe ruwan ya sauka yatsa huɗu. Yatsa huɗu a dare ɗaya, taku goma sha ɗaya daga rijiya.

23/
Muka kwashe ruwan da bokiti, sai ga tsaga siririya inda bango ya haɗu da daɓe. Aka fasa, aka cike kusurwar, aka sake shafe sau biyu. Buhu biyu na siminti ya ƙara ci, daga aljihuna. Gwaji na biyu layin gawayi bai motsa ba. Birkila bai ce komai ba, amma na ji wai a aikinsa na gaba shi da kansa ya nemi gawayi 😂

24/
Bututun iska kada ku raina shi. Mai inci huɗu, ya wuce rufi da kamar rabin mita, a ɗaure masa raga a baki. Iska na bi ta kansa tana janye wari, ƙudan da ya bi haske ya hau ya tarar da raga. Dabarar Peter Morgan ce a Zimbabuwe tun shekarun 1970. Da farko mun sa ƙarami mai hula, kwana uku Inna ta ce a zo a cire mata wannan abin.

25/
Wannan kuma don Allah ku riƙe: kada kowa ya taɓa shiga sokawe, ko waya ce ta faɗa, ko kuɗi. Iskar ciki mai warin ruɓaɓɓen ƙwai tana kashe hanci, ka daina jin warin, sai faɗuwa. Na biyu ya shiga ceto shi ma ya tsaya. Sau nawa muke jin haka a rediyo, sai 'yan kwana-kwana sun zo sun ciro gawa? Murfin namu mutum biyu ke ɗaga shi, da gangan.

26/
A Nuwamban 2019 Buhari ya sa hannu a dokar zartarwa ta 009 don kawo ƙarshen bahaya a fili zuwa 2025. A Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa, da Kazaure ke nan a hancinmu, jiha ta farko da ta cimma hakan. Madalla. Amma duk tallan da na ji "ku gina masai" yake cewa. Ban ji mai cewa ku auna daga rijiya ba, kuma a ƙauyuka irin namu da kowane gida ke da rijiyarsa, wannan ce rabin maganar.

27/
Hajiya ta koma shan kununta. Baffa ya shuka kabewa kusa da ramin gonar, yana tambayata yaushe za a kwashe na cikin tankin ya samu taki. Na ce in an kwashe sai ya shekara biyu a binne kafin ya taɓa gona. Ya ce shi da ya yi jigilar taki daga birni a mangala tun ban zo duniya ba zan koya wa.

28/
Jiya da daddare Inna ta kira ni. Maƙwabcinmu na bayan katanga ya sauke bulo da yashi, ɗansa ya turo kuɗi daga Legas, irin na birni za a yi. An zana toka a jikin katangarmu, daidai saitin rijiya. Ranar Lahadi zan bi motar kasuwar Ɗambatta. Tef ɗina yana cikin jaka, kuma na roƙi Baffa ya raka ni, don shi ake jin maganarsa a gidan.