Gudun Marato a ƙasar Girka

Girka ƙasa ce ta Turai, a bakin teku. Babban birninta Atina, tsohon gari ne ƙwarai. Kowace shekara cikin watan Nuwamba, dubban mutane maza da mata suna taruwa don yin gudu daga ƙauyen Marato zuwa Atina. Nisan kilo 42 ne da mita 195. Ya fi daga Damagaram zuwa Mirya da komowa.

Asalin abin yaƙi ne. Shekara 490 kafin haihuwar Annabi Isa, mutanen Atina suka ci rundunar Farisa a Marato. An ce wani manzo ya kai labari gari da gudu, yana faɗi sai ya mutu.

Farkon hanya shimfiɗe take, mai gudu yana jin daɗi. Nan ne masu gaggawa ke ruɗin kansu. Daga wajen kilo 10 sai hawa, har bayan kilo 30. Cinya ta ɗaure, maƙogwaro ya bushe. Wanda bai sha ruwa ba tun da wuri, a nan yake zama bakin hanya, wani ma sai an kai shi likita. In an wuce tudun, sai gangara zuwa cikin gari. Mutane na tafi, har a shiga tsohon filin wasa na farin dutse.

A wannan fili ne Sipiridon Luwi ya zo na ɗaya a 1896, cikin awa 2 da minti 58. Ɗan ƙauye ne, sana'arsa kai ruwa Atina.