Lambun Mt. Cuba, Inda Aka Sallami Ciyawar Ado

Matafiyin da ya bar birnin Wilmington na jihar Delaware a ƙasar Amurka, ba zai yi nisa ba sai ya iso Hockessin, inda lambun Mt. Cuba yake bisa tudu. Attajiri Lammot du Pont Copeland da uwargidansa Pamela ne suka sayi filin a 1935. Bayan rasuwarta a 2001 aka mai da gidan wurin renon tsirran asalin yankin, aka kuma buɗe shi ga kowa da kowa a 2013.

Mutanen can suna da wata al'ada, wato magidanci ya shimfiɗa gajeriyar ciyawa a ƙofar gidansa yana aske ta mako-mako. Galibin irinta daga Turai aka kawo shi. Ƙudan zuma ba su da rabo a cikinta, a inuwa kuwa sanƙo take yi komai takin da aka zuba mata. Wahala ce dai kawai.

Baƙon da ya shiga kurmin lambun a watan Afrilu zai ga abin da inuwa za ta iya. Kafin dogayen itatuwa su yi sabon ganye, ƙananan furanni kan ɓullo su sha rana na 'yan makonni, sa'an nan su ɓace sai baɗi. Daidai lokacin ne wasu ƙudan zuman daji, waɗanda ba sa yin zuma, ke fitowa daga ramukansu a ƙasa. Akwai wani jinsinsu da kusan ba ya ɗibar garin fure sai daga tsiro guda mai suna Claytonia. Duk filin da aka shafe tsiron, ƙudan ma ya ƙaura. Busasshen ganye ma a kurmin ba shara ba ne, domin ƙarƙashinsa ƙwari ke fakewa da hunturu.

Masu lambun sun yi shekara huɗu suna gwada iri 70 na wata ciyawar daji mai jure inuwa da ake kira Carex, har da aske ta, suka bayyana sakamako a 2023. Carex woodii ce ta zo ta ɗaya.

Ba ƙudan zuma kaɗai ke amfana ba. Farfesa Douglas Tallamy na Jami'ar Delaware ya nuna cewa ƙaramin tsuntsun nan chickadee yana bukatar tsutsotsi 6,000 zuwa 9,000 kafin 'ya'yan sheƙa guda su tashi, tsutsotsin nan kuwa ganyen itatuwan asalin yankin suke ci.