Gayyar Kawu da Zanen Eh ko A'a

Daminar bara na koma Unguwar Hajji hutu, na tarar Kawu yana haɗa gayyar huɗar masara. Samari 20 ne a hannunsa, shida yake so ranar Asabar. Sharuɗɗan kuwa ga su: dole a samu mai shanun huɗa, wa da ƙani ba za su tafi tare su bar gonar mahaifinsu ba, sannan akwai mutum biyu da ke gaba kan iyakar gona.

Na ce, "Kawu, bar mini wannan, abin da muke karantawa ke nan."

Hanyoyin zaɓen shida cikin 20 sun kai 38,760, ba mai bin su ɗaya bayan ɗaya. Dabarar da aka koya mana ita ce zanen yanke shawara. Kowane mutum tambaya ce mai reshe biyu: yana ciki, ko ba ya ciki. Reshen da ya karya sharaɗi a datse shi. Rassa biyu kuma, in abin da ya rage a yanke bayansu iri ɗaya ne, sai a haɗe su, zanen ya tsuke. Randal Bryant ne ya daidaita wannan tsari a Amurka a 1986. A 2005 Peter Hawkins da Vitaly Lagoon da Peter Stuckey suka nuna yadda yake warware matsalolin zaɓen rukuni masu sharuɗɗa, irin ta Kawu.

Na kwana ina zane a bayan littafi, da safe na miƙa masa sunaye shida. Ya duba, ya sa yatsa a kan biyu.

"Waɗannan yarinya ɗaya suke nema. In ka haɗa su a gona, huɗar ta tashi."

Kunya ta rufe ni. Zanena bai yi kuskure ba, abin da na gaya masa kaɗai ya sani, wannan sharaɗin kuwa ba a faɗarsa a dandali.

Kawu ya ƙara da cewa, "Kuma ka fara da masu wuyar sha'ani, ɗana. Sauran ko'ina ka sa su sun zauna."

Sai na tuna Bryant ma ya nuna cewa girman zanen ya dogara da tambayar da aka fara yi. Na sake zanen daga masu gaba da masu neman auren, ya fito a rabin shafi. Ranar Asabar aka huɗe gonar kafin azahar.